Ranar da Zakeyo Kafinta Ya Cire Fuska

Zakeyo Mbewe kafinta ne. Kusan duk bencin da ake zama a kai a cocin Kalonjere shi ya ƙera shi, haka ƙofofin makaranta da tagoginta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. In yana aiki ƙusoshi ne cike da bakinsa, sai dai ka yi ta magana yana gyaɗa kai. Ba ɗan garin ba ne, aure ne ya kawo shi kamar yadda yake kawo kowane namiji. Ya bar ƙauyensu ya zo ya kafa ɗaki a gidan su matarsa Elube, yana noma gonar danginta, 'ya'yan da ya haifa kuma na dangin uwarsu ne. Mai faɗa a ji a kansu shi ne kawun Elube, tsoho Sankhani.

Yana saurayi aka yi masa baftisma. Amma kafin nan, tun yana yaro, an shigar da shi Nyau, ƙungiyar asiri ta maza masu fitar da dodanni, tare da sa'anninsa. An ɗaure masa ido an kai shi kurmin maƙabarta, ya ga abin da ya gani, ya yi rantsuwa. Da ya bi mishan ya daina zuwa, amma bakinsa bai taɓa buɗewa ba, kuma rabin mazan da ke rera waƙa ranar Lahadi haka suke. Dodon da ke fitowa ranar jana'iza da fuskar itace, jiki shafe da toka, daga kabari ya fito, ba mutum ba ne. Haka ake gaya wa mata da yara, kuma ba a cire fuska a gabansu. Wanda ya kuskura, in ya yi sa'a a ci shi tara, in bai yi ba ya naɗe tabarmarsa ya bar gari.

Shekara biyu bayan babbar yunwa, aka aiko wa Dona, matar Baturen mishan, da wani akwati daga ƙasarsu. Da ta ga abin da ke ciki sai ta ce bana Baba Kirsimeti zai zo Kalonjere. Malam Nyirenda, malamin makaranta, ya yi wa yara bayani cewa wani dattijo ne daga ƙasar sanyi, mai tafe da buhu, yana ba yaran kirki abin da suka roƙa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da kowa ke so.

Zakeyo ya ji duka, don in an tashi daga makaranta rumfarsa yara ke taruwa suna tsintar guntayen katako.

"Ni takalmi na ce," in ji wani mai suna Laitoni. "Mai ƙara, in na shiga coci kowa ya waiwayo."

"Da wannan kaushin naka? Ai takalmin ne zai riƙa kuka, ba ƙara ba."

"Kai me ka ce, mai kan tulu?"

"Burodi guda. Ni kaɗai. Ba mai yanka shi, ba mai cewa in sam wa ƙanena."

Wani ƙwallon roba yake so, ya gaji da na tsumma. Wata sukari take so a zuba mata cikin tafin hannu, ba cikin shayi ba. Wata yarinya, Fanesi, ta ce ita babanta take so ya dawo daga Joni, inda ya tafi haƙar zinariya tun tana goye.

"Ke ma dai! Buhu ne fa yake ɗauke da shi. Babanki zai shiga buhu ne?"

"To ya kawo mini hularsa in gani."

Malita, 'yar Zakeyo, tana zaune kan garin katako tana jin su. Ba ta isa shiga makaranta ba, saboda haka ba wanda ya tambaye ta. Ita kuwa ta san abin da take so, kofin langa mai fure irin wanda ke rataye a kantin Ba'indiye, nata ita kaɗai, ba sai yayyenta sun gama sha a miƙo mata ba. Da yara suka watse ta ce, "Baba, ni ba a tambaye ni ba."

Zakeyo ya zare ƙusoshi daga baki. "Bari, zan gaya masa."

"Ka san shi ne?"

"A'a."

"To ka gani. Da bakina zan faɗa masa."

Ana saura 'yan kwanaki Dona ta aika a kira Zakeyo. Mijinta zai yi wa'azi ranar, Malam Nyirenda zai tsaya da yara, rigar kuma ta gajeren mutum ce. Ta fito da ita, ja, da hula ja. Sannan ta ɗago wani abu daga ƙasan akwatin, fuskar kwali, ja jawur, da manyan kumatu da farin gemun auduga.

Cikin dodannin maƙabarta akwai mai jar fuska, shi ne mai bin yara da bulala. Duk yaron Kalonjere ya san shi.

"Dona, rigar ta isa. A bar fuskar."

"Don me? Ba fuska ai za su ce Zakeyo ne ya sa jar riga."

Dona mace ce. Ko Baturiya ce, mace ce, ba a zancen fuska da mace.

"Akwai zafi," ya ce.

Ta yi dariya ta ce na ɗan lokaci ne.

Ya je wurin Malam Nyirenda. Shi mutumin arewa ne, a garinsu ba a yin Nyau, namijin da ba a shigar ba kuwa a wannan zance da shi da mace duk ɗaya ne. Zakeyo ya kewaya ya kewaya, ya ce dai yara za su tsorata.

"Haba kafinta, yaran makaranta ne fa. Na gaya musu baƙo ne mai kirki. Ina tsaye a kansu, za mu tarbe ka da waƙa."

Ya yi tunanin zuwa wurin Sankhani, ya fasa. Tsohon zai ce mishan na kwaikwayon dodo don a yi musu dariya, magana ta tashi tsakanin coci da dattawa, shi kuma yana tsakiya, gonarsa a hannun waɗannan, aikinsa a hannun waɗancan. Ya ce a ransa zai tafi a hankali, ya ɗaga hannu tun daga nesa, a yi a gama.

Gidan Bature yana kan tudu a hayin rafin Namizi. Coci da makaranta da sauran gari suna wannan gefen. Gadar mota tana can ƙasa da nisa, don haka masu ƙafa kan wani gungume suke bi, wanda aka gitta daga gaɓa zuwa gaɓa. A jajiberin Kirsimeti an kwana ana ruwa a kan duwatsu. Da safe Zakeyo ya ga Namizi ta cika, ruwan ja kamar kunun kanwa, tana tafe da rassa.

Kafin waƙar ƙarshe ya sulale daga coci ya haye. Dona ta sa masa riga, ta ɗora masa fuska, ta ƙulle igiyar a ƙeyarsa ƙulli biyu don kada ta zame, ta kifa hula a kai. Ta 'yan ramuka biyu yake gani, numfashinsa na dawo masa da warin manne. Ta saɓa masa buhu. Ya san abin da ke ciki, shi ya taya ta zubawa: alewa, fensir, guntayen sabulu, gishiri ƙulli-ƙulli. Babu takalmi, babu burodi, babu kofi. Ta shiga mota ta bi ta babbar gada don ta riga shi isa.

Ya fito daga cikin itatuwan turare ya kama gangara. Daga nan har bakin rafi gona ce fetal, masara ko gwiwa ba ta kai ba. Yana jin waƙar yara daga filin makaranta, sama-sama saboda rurin ruwa.

Bai san wasu sun gudo daga layi ba. Su Laitoni ne, sun haye don su riga kowa gaida baƙo, Malita kuma ta bi su. Suna tsugune bayan wani suri kusa da gungumen. Da ya kawo kusa suka miƙe gaba ɗaya, suka ga jan abu mai farin gemu yana saukowa daga cikin itatuwa.

"Dodo!"

Ya ɗaga hannu kamar yadda ya shirya. Su kuwa bulala suka ga za a ɗaga.

Manyan suka hau gungumen da gudu, ɗaya na bin ɗaya, yana rawa a ƙarƙashinsu. Ruwa ya riga ya ci gaɓar da ke ɓangaren gari ta ƙasa. Na ƙarshensu na dira, gaɓar ta zabge, kan gungumen ya sulale ya rataye a jikin saiwar wani ɓaure, ruwa na marinsa. Malita ce a baya. Ba ta kai tsakiya ba gungumen ya karkace, ta faɗi a kansa ƙafa nan ƙafa can, ta rungume shi.

Zakeyo ya yar da buhu ya ruga.

"Malita! Ni ne, babanki!"

Ta waiwayo ta ga jar fuska na magana da muryar ubanta. Ihun da ta yi har a filin makaranta an ji.

"Mama! Ya cinye Baba! Baba na cikin cikinsa!"

Ta fara jan jiki tana nesa da shi, zuwa inda gungumen ya nutse. Ya tsaya cik. Ita ma ta tsaya, tana haki.

Mutane suka fara isowa ɗaya gaɓar. Matan da suka fara hango jar fuskar wasu suka ja da baya, wasu suka rufe kai da zane, duk da farar rigar coci da ke jikinsu. Malam Nyirenda ya ture mutane ya sauka ya ɗora ƙafa kan gungumen. Ya nutse da shi har ƙauri, saiwar ta yi ƙara, maza biyu suka fizgo shi baya. Daga can ba hanya. Elube ta iso da jariri a goye, ta tsaya a bakin gaɓa inda ƙasa ke zubewa, wata ta riƙe mata zane ta baya.

Sai ga Sankhani yana dogara sanda. Ba ya shiga coci, a barandar kanti yake zaune yana jiran ya ga baƙon da ake ta faɗa. Ya dubi jan abin da ke hayi, ya dubi gajerun ƙafafun da ke ƙasan rigar. Ba sai an gaya masa ba. Amma gaɓar cike take da mata da yara, ba zai iya cewa cire ba.

"Kai baƙo!" ya ɗaga murya. "Koma inda ka fito! Shiga cikin itatuwa ka turo mana surukinmu kafinta, yana can!"

Zakeyo ya gane. Ya waiwaya. Itatuwan turare suna can saman gangara, tsakaninsu ba ko kututture da zai ɓoye mutum sai surin da bai kai ƙugunsa ba. Ya dubi saiwar ɓauren. Ya yi shekaru yana ganin yadda itace ke yi kafin ya tsage, wannan kuwa ta fara fari a inda ta lanƙwashe. In ya hau ya sauko da wannan riga a jikinsa, bai san abin da zai tarar ba.

Duk da haka ya ja da baya, taku ɗaya, biyu. Malita na ganin dodo ya matsa ta saki hannu ɗaya tana miƙa wa uwarta, ta fara rarrafe zuwa wurinta.

"Kada ki motsa!" Elube ta kwarma ihu. "Malita, tsaya nan! Riƙe da hannu biyu!"

Ruwa ya riga ya taɓa ƙafar yarinyar ta hagu, yana jan bakin rigarta.

Elube ta ɗaga kai ta dubi jar fuskar sosai.

"Baban Malita, me kake jira?"

Ba macen da ta taɓa kiran mai fuska da sunan mutum a bainar jama'a.

"Elube, kama bakinki," in ji Sankhani.

"Kawu, jininka ne a kan icen nan."

Tsohon ya dubi yarinyar. Ya juya ya daka tsawa, "Mata, ku ba da baya! Yara, ku rufe ido!"

Wasu suka juya. Da yawa ba su juya ba. Yara suka rufe fuska da hannu suna leƙe ta tsakanin yatsu. Elube ko ƙiftawa ba ta yi ba. Wadda ake so ta gani kuwa ita ma yarinya ce, mace kuma, ba dabarar da za ta gyara wannan.

Zakeyo ya jefar da hula ya kai hannu ƙeya. Ƙullin Dona ya jiƙe da gumi ya ƙi kwancewa. Ya sa yatsu ƙarƙashin gemun da hannu biyu ya ja. Kwalin ya tsage daga haɓa har goshi, igiyar ta yanke masa kunne. Ya tuɓe rigar ya yar, ya rage daga shi sai gajeren wando.

"Malita. Dube ni."

Ta waiwayo. Rinin kwalin ya narke da gumi ya ɓata masa fuska, har yanzu ja ce. Ta buɗe baki za ta sake ihu.

"Dubi nan." Ya yage baki ya nuna mata giɓin haƙorinsa, inda guduma ta taɓa dawo masa. "Wa ke da wannan giɓin a garin nan? Dodo na da giɓi?"

Ta yi ta kallonsa.

"Baba?"

"Ni ne, uwata. Kada ki zo, ni zan zo. Kwanta a kansa kamar ƙadangare."

Ya kwanta rub da ciki a kan gungumen ya fara ja. Ta ɓangarensa kan icen na zaune daram, amma duk jan da ya yi sai ya ji ɗaya kan ya amsa. Gansakuka ta sa icen santsi. Bai dubi ruwa ba, bai dubi mutane ba, wuyan hannunta yake kallo. Da ya kai ya damƙe shi ya ce, "Saki icen." Ta ƙi. "Saki, na riƙe ki." Sai da ya ɓanɓare yatsunta ɗaya-ɗaya. Ya jawo ta ƙarƙashin ƙirjinsa ya riƙa komawa da baya, yana lalube da ƙafa, har ya ji laka a yatsunsa.

Gungumen bai tafi a lokacin ba. Sai da la'asar ruwa ya ɗauke shi, ba kowa a wurin.

Dole suka zagaya ta babbar gada. Ya ɗora ta a wuya, jini na bin kunnensa. Da suka yi nisa sai ta sunkuyo.

"Baba, duk dodanni haka suke?"

"Wannan na Turawa ne. Kwali ne."

"Na maƙabarta fa?"

"Riƙe kaina da kyau, akwai santsi."

Washegari Malam Nyirenda ya raba abin da ke cikin buhun a aji, kowa alewa da fensir, wasu da sabulu. Laitoni ya tambaya ina takalminsa, aka ce ya zauna. Dona ta zo har gida da magani ta wanke wa Zakeyo kunne, tana ta tambayar me ya sa bai gaya mata ba. Ya ce kuskure ne. Baba Kirsimeti bai sake zuwa Kalonjere ba.

Bayan sabuwar shekara dattawa suka zauna, maza zalla, a bayan gidan Sankhani. Zakeyo ya tsuguna a ƙasa. Wani ya ce kwalin Bature ba fuska ba ce, ba a yi laifi ba. Aka ce masa ya je ya ji abin da yara ke faɗa a bakin rijiya, har sun fara yi wa juna gardama ko dodon jana'izar bara kawun wane ne. Wasu suka ce baƙo ne, aure ya kawo shi, ya koma ƙauyensu, matar da 'ya'yan dama ba nasa ba ne. Aka tambaye shi ko yana da magana. Ya ce ya san dokar, ya kuma cire.

Sankhani ne ya yanke. Ya ce ba za a kore shi ba, amma zai ba da akuya da kaji, kuma daga ranar ba zai ƙara zama inda maza ke shawara ba. Da labari ya kai coci cewa ya amsa tarar Nyau, dattawan coci suka hana shi cin jibin Ubangiji har shekara, suka mai da shi bencin baya, wanda shi ya ƙera. Bai yi gardama da ko ɗaya ba. Ya zauna a Kalonjere har tsufansa yana aikin katako, kuma har ya mutu in maza sun taru a gindin itace shi wucewa yake yi.

Ranar da ya kai akuyar, ya tarar da Sankhani shi kaɗai yana saƙa kwando. Ya ɗaure ta a turke, ya tsuguna ya gaishe shi. Tsohon ya tashi ya duba haƙoran akuyar, ya taɓa cikinta, ya ce ramammiya ce amma an karɓa. Zakeyo ya miƙe zai tafi.

"Mijin Elube."

"Na'am, Kawu."

Tsohon ya koma kan kwandonsa, bai ɗago ba.

"Da ka ji maganata ka koma cikin itatuwan nan, da ni da kaina zan kore ka daga garin nan."